Jinjina ga Masu Sauya Azara Gida Na Cike da Mutane

Yabon gwani ya zama dole. Gwanayen da na ɗauki alƙalami dominsu yau kashi biyu ne, kuma zai yi wuya a ce sun taɓa haɗuwa ido da ido. Kashi na farko injiniyoyin manhaja ne da ke aiki ƙarƙashin cibiyar HISP ta Jami'ar Oslo a ƙasar Norway, tare da abokan aikinsu da ke warwatse a Afirka da Asiya da Turai, waɗanda a watan Mayun 2025 suka fitar da zubi na 42 na manhajar DHIS2 bayan sun sauya ginshiƙan da take tsaye a kansu. Kashi na biyu kuwa namu ne na gida: ma'aikatan ƙananan asibitocin ƙaramar hukumar Abaji, tun daga cikin gari har Yaba da Gurdi da Gawu, da jami'an tattara alƙaluma da ke karɓar takardunsu a ƙarshen kowane wata suna zuba su cikin wannan manhaja. Na farkon su ne masu kula da rumbu, na biyun su ne masu kawo hatsi. Allah ya saka musu da alheri baki ɗaya.

Mai karatun da bai taɓa jin sunan DHIS2 ba, ai ya sha shiga cikinta bai sani ba. Ranar da aka kai jaririnsa aka ɗiga masa maganin shan inna, ko maiɗakinsa ta je awon ciki, ko aka soki yatsansa aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, ma'aikaciyar da ta duba ta rubuta a rajista. Idan wata ya ƙare sai a zauna a bi rajistocin nan layi-layi ana ƙirgawa, a cike fom ɗin taƙaitawa na wata, a kai hedikwatar ƙaramar hukuma, jami'in alƙaluma ya shigar a kwamfuta. Daga nan lambar ta hau intanet ta sauka a rumbun bayanai na ƙasa. Can ne jami'in hukumar lafiya matakin farko ta birnin tarayya, ko na Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, zai buɗe ya ga yara nawa aka yi wa allura a mazaɓar Nuku a watan jiya, nawa ne suka karɓi ta farko ba su dawo karɓar ta uku ba. Da irin waɗannan alƙaluma ake lissafin allurar da za a aika, da gidan sauro, da maganin zazzaɓi.

Manhajar ba jiya aka haife ta ba. Asalinta Afirka ta Kudu ne, bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata a 1994, lokacin da sabuwar gwamnati ta gaji tsarin lafiya a rarrabe bisa launi, alƙalumansa kuma a warwatse. Malaman Jami'ar Western Cape da na Oslo suka haɗa kai suka ƙera ta farko a kan Microsoft Access, kowace kwamfuta da nata rumbun. Da intanet ta yaɗu sai aka sake rubuta ta daga tushe da harshen Java, aka sa mata suna DHIS2, aka fara aiki da ita a jihar Kerala ta Indiya a 2006. Yau ma'aikatun lafiya na ƙasashe fiye da 70 ne ke amfani da ita, kuma kyauta ce: rubutunta a buɗe yake, kowa na iya saukewa ya karanta ya gyara, ba a biyan kuɗin lasisi. A Najeriya, Majalisar Lafiya ta Ƙasa ta amince a 2013 cewa a tara alƙaluman yau da kullum a rumbu ɗaya a kan DHIS2. A 2014 aka gwada sashen rigakafin yara a jihar Kano, ƙarƙashin hukumar lafiya matakin farko ta ƙasa, wato NPHCDA, da abokan aikinta, kafin ƙarshen 2017 ya game jihohi 36 da birnin tarayya, Abaji na ciki. Da aka fara rigakafin korona a 2021, a kanta aka gina tsarin rajistar waɗanda suka karɓi allura, mutum bayan mutum, kowa da sunansa.

Wanda ya tashi a gidan ƙasa zai fi saurin gane abin da injiniyoyin nan suka yi. Gida ne babba mai sassa: ga zaure, ga turaka, ga ɗakunan iyali, ga rumbu a tsakar gida. Haka DHIS2 take. Wani sashe yana karɓar alƙaluma, wani yana tantance mai shiga da abin da aka yarda ya gani, wani yana magana da rumbun bayanai na PostgreSQL, wani kuma yana tace miliyoyin lambobi ya mai da su jadawali da taswira. Hikimar gina manhaja sashe-sashe ita ce a iya gyara ɗaki ɗaya ba tare da an taɓa na kusa da shi ba. To amma duk sassan nan azara ɗaya ce ta ratsa ta kansu. Azarar ita ce Spring, wani tsarin gini da masu rubuta Java ke aza manhajarsu a kai tun fitowar zubinsa na farko a 2004. Shi ne ke haɗa sashe da sashe, ya miƙa wa kowanne abin da yake buƙata daga ɗan'uwansa, ya kuma tsare ƙofa. Dukan ginin yana zaune ne a cikin Tomcat, wadda ke karɓar saƙon mai buɗe shafi ta miƙa shi ciki, ta dawo masa da amsa. In shafe ɗaki aka ce a yi, aikin yini ne. In kuwa azara za a sauya, babu ɗakin da ba zai ji a jikinsa ba.

Kuma sauyin ya zama tilas. A watan Nuwamban 2022 masu Spring suka fitar da zubi na 6, suka ce ba zai tashi a kan Java da ke ƙasa da zubi na 17 ba. Suka kuma sanar cewa tsohon zubi na 5.3 zai daina samun facin kyauta daga ƙarshen watan Agustan 2024. Ma'ana, daga wannan rana, in an gano wata ɓaraka a cikinsa, mai amfani da shi kyauta ba shi da wanda zai kira.

Sai kuma batun suna, wanda a ido ƙarami ne amma shi ya fi ba mutane wahala. A rubutun manhajar Java, kusan kowane shafi yana farawa ne da jerin sunayen kayan da zai aro daga waje. Fiye da shekara 20, kayan da ake gina manhajar intanet da su suna ɗauke da sunan gida ɗaya, wato javax. Kamfanin Oracle, wanda ya sayi Sun Microsystems mai Java a 2010, ya miƙa wannan ɓangare ga gidauniyar Eclipse a 2017, amma ya riƙe haƙƙin sunan. Da aka kasa daidaitawa, sai Eclipse ta sa wa kayan sabon suna, jakarta, kuma daga ƙarshen 2020 duk sabon zubi da wannan suna yake fitowa. Abin ya zama kamar a wayi gari an sauya sunan unguwa, ɗan aiken da aka kawo sabo ya ce shi sabon sunan kawai ya sani, tsohon ɗan aike kuma ya ce shi bai san wani sabon suna ba. Tomcat ta 9 tsohon suna take ganewa, ta 10 kuma sabon. Spring na 6 sabon kaɗai yake ji. Saboda haka ba a iya cewa bari mu kwashe sashe biyu bana, sauran sai baɗi. A nan ne gina manhaja sashe-sashe ba ya ceton kowa: dukan sassan, da duk wani kayan aro da kowane sashe ya jingina da shi, dole su ƙaura tare. Sashe ɗaya ya makale da tsohon suna, manhajar ta ƙi tashi, ko kuma, abin da ya fi muni, ta tashi lafiya lau sai ranar da wani ya taɓa wannan sashe ta faɗi.

Sauya sunan kansa akwai kayan aikin da ke taimakawa, irin su OpenRewrite, waɗanda ke bin dubban shafuka suna gyarawa. Gumin yana wani wurin. Akwai kayan aron da masu su suka daina kula da su, sai an nemi madadinsu ko an rubuta sabo. Akwai sashen tsaron ƙofa na Spring, wanda a zubi na 6 ya sauya yadda ake rubuta ƙa'idojin wa zai shiga ina, kuma kuskure ɗaya a wannan wuri ko dai ya kulle mai haƙƙi a waje, ko ya bar ƙofa a buɗe ga wanda bai kamata ba. Akwai kuma tsohon ginshiƙin Struts, wanda shafukan farko na DHIS2 suka dogara da shi. Shekara da shekaru aka yi ana zare shi, ana maye gurbin tsofaffin shafuka ɗaya bayan ɗaya da ƙananan manhajoji sababbi, har aka rabu da shi. Duk wannan an yi shi ne gida na cike da mutane. Ba a ce wa ƙasashe 70 ku dakata da shigar da alƙaluma har mu gama ba. Ana aikin azara a sama, ana ci gaba da kai wa tsofaffin zubi faci a ƙasa.

Wani zai ce, manhajar da ke aiki lafiya, me ya kai mutum taɓa ta? Hausawa sun riga sun amsa: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Maris na 2017 aka gano wata ɓaraka a cikin Struts, aka fitar da facinta nan take. Kamfanin Equifax na Amurka, mai riƙe da bayanan bashin jama'a, bai liƙa facin a inda ya kamata ba. Daga tsakiyar watan Mayu masu kutse suka shiga ta wannan tsaga, suka yi makonni suna kwasa, ba a farga ba sai ƙarshen Yuli. Bayanan mutum kusan miliyan 147 suka fita, kamfanin kuma ya amince a 2019 zai biya abin da zai iya kai dala miliyan 700. A watan Disambar 2021 ma an ga irin haka da Log4j, ɗan ƙaramin kayan aro da ke rubuta tarihin abin da manhaja ke yi, wanda ya hana masu kula da manhajojin Java barci a faɗin duniya. Waɗanda ke kan sabon zubi suka liƙa faci cikin sa'o'i. Waɗanda suka yi shekaru ba su motsa ba suka tarar facin ma ba ya zama a jikin tsohon bangonsu. Rumbun da ke ɗauke da sunan wanda ya karɓi allura, da lambar wayarsa, da mazaɓarsa, bai kamata ya zauna a irin wannan bango ba.

Abin da ya fi burge ni a aikin mutanen Oslo shi ne tsarin da suka bi. Ba su yi wa kowa ba-zata ba. A zubi na 40, wanda ya fito a 2023, sun ba da shawarar a koma Java 17 amma ba su tilasta ba. A na 41, a 2024, suka mai da shi sharaɗi. Sai a na 42 suka kawo Spring na 6 da Tomcat ta 10. Mataki uku a shekara uku, kowanne da takardar bayanin abin da ya sauya da abin da mai kula da saba, wato babbar kwamfutar da manhajar ke zaune a kanta, zai tanada kafin ya taɓa komai, kowanne kuma sai da aka fitar da zubin gwaji aka gayyaci ƙasashe su jarraba kafin ranar fitarwa. Wannan ita ce ɗabi'ar magini mai amana, wanda zai gaya wa maigida tun kaka cewa kafin damina mai zuwa sai an taɓa soron nan, ya fara tanadi. Aiki ne da ba ya kawo sabon maɓalli mai ƙyalli da za a nuna wa baƙi, ba a kiran taron ƙaddamarwa dominsa, kuma in ya yi kyau alamarsa ita ce babu wanda ya lura an yi shi. Mutanen da suka yarda su ba da shekarunsu ga irin wannan aiki sun cancanci a ambace su da alheri.

Amma rumbu ko da na siminti ne, in ba a kawo hatsi ba fanko ne, shi ya sa rabin jinjinar nan ta mutanen Abaji ce. Ƙaramar hukumar tana can ƙarshen kudancin birnin tarayya, a kan hanyar Lokoja bayan an wuce Gwagwalada da Kwali, tana iyaka da jihohin Kogi da Nasarawa da Neja. Mazaɓunta 10 ne, kuma da yawan ƙauyukanta suna nesa da kwalta. Wanda ya taɓa bin hanyoyin yankin kogin Gurara da damina ya san abin da ake nufi da a kai takarda hedikwata a kan lokaci. A irin waɗannan asibitoci, sau da yawa hannun da ya karɓi haihuwa da asuba shi ne zai yi allurar rigakafi da hantsi, ya ba da magani da azahar, sannan da la'asar ya jawo rajista ya fara ƙirga. Rajistar kuma ba ɗaya ba ce: ta marasa lafiyar da aka duba suka koma gida daban, ta awon ciki daban, ta haihuwa daban, ta rigakafi daban, ta tazarar haihuwa daban. Duk sabon shiri da gwamnati ta kawo, kamar rigakafin cutar sankarar bakin mahaifa da aka fara yi wa 'yan mata a watan Oktoban 2023, sabon layi ne a takarda, sabon ƙirge ne a ƙarshen wata.

Jami'in alƙaluma na ƙaramar hukuma shi ma da nasa nauyin. Shi ne zai lura cewa asibitin da ya saba kawo yara 40 a wata yau ya kawo 400, ya ɗaga waya ya tambaya ko sifiri ne ya yi tsalle. Shi ne zai jira layin intanet ya dawo, ya jira wuta, ya sake shigar da abin da ya ɓace. Ba shi da hannu a zaɓen Spring ko Tomcat, wataƙila ma bai taɓa jin sunansu ba, amma gaskiyar duk wani jadawali da za a haska a ɗakin taro a Abuja daga yatsunsa ta fito. Lokacin da aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a ranar 25 ga Agustan 2020, manya ne suka karɓi takardar shaida, kuma sun cancanta. Sai dai a bayan wannan takarda akwai shekarun ƙirge na irin waɗannan mata da maza, a Abaji da sauran ƙananan hukumomin ƙasar nan, su 774 gaba ɗaya. Ina miƙa musu gaisuwa ta musamman, iyayenmu mata da ke wannan aiki da ƙannenmu da suka shigo shi da ƙuruciyarsu.

To, in kana da kyau ka ƙara da wanka. Zubin da aka fitar a Oslo ba ya hawa sabar kowace ƙasa da kansa. Kowace ma'aikatar lafiya ita ke riƙe da tata sabar, ita ke yanke ranar da za ta ƙaura. Masu DHIS2 kuma zubi uku na baya-bayan nan kawai suke kai wa faci, suna fitar da sabo sau ɗaya a shekara. Lissafin a fili yake: duk sabar da ta yi shekara uku ba ta motsa ba ta fita daga inuwar kariya. Saboda haka sabunta manhaja abu ne irin yaɓen gida kafin damina, na kowace shekara, kuma abin da ake yi kowace shekara wurinsa kasafin kuɗi. Ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da NPHCDA, da sakatariyar lafiya ta birnin tarayya, su ware wa wannan aiki layinsa na dindindin a kasafi, da sunansa, kada ya zama abin da ake jiran wata ƙungiyar agaji ta tuna da shi. Tallafin waje ya yi mana rana, mun gode, amma tallafi yana da ranar ƙarewa, rumbun kuma namu ne. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su, kuma bayanan lafiya suna cikin waɗanda ta fi tsanantawa a kansu.

Yadda za a yi ƙaurar ma yana da ladabinsa. DHIS2 tana gyara fasalin rumbun bayananta da kanta a karon farko da sabon zubi ya tashi, kuma wannan gyara ba shi da hanyar komawa baya. Wanda bai ɗauki cikakken kwafin ajiya ba, bai kuma gwada dawo da shi ya ga yana aiki ba, ya sa alƙaluman shekaru cikin haɗari. Wajibi ne a yi sabar gwaji mai ɗauke da kwafin bayanan gaske, a kwana biyu ana jarraba ta. A nan ne ake gano abubuwan da mu muka ƙara da hannunmu: ƙananan manhajojin da aka rubuta a gida, da hanyoyin da wasu tsare-tsare ke bi suna aiko da alƙaluma ko suna ɗiba. Zubi na 42 ya rufe wasu tsofaffin ƙofofi da aka daɗe ana gargaɗin za a rufe, kuma duk wata manhajar gida da ke shiga ta can za ta tarar da bango. Mutanen Oslo ba su san abin da muka jingina a jikin gininsu ba, mu ne muka sani, in har mun rubuta mun ajiye. A rubuta. A kuma duba kalanda: kada a taɓa saba a makon farko na wata lokacin da ƙananan hukumomi ke shigar da rahoto, ko a tsakiyar zagayen rigakafi.

Sai abin da ya fi kusa da zuciyata. Duk lokacin da aka sabunta manhajar, fuskar shafin shigar da alƙaluma takan sauya, maɓallin da hannu ya saba da shi ya koma wani wuri. Ga injiniya wannan ƙaramin abu ne. Ga jami'in da ke da fom ɗin asibitoci da yawa a gabansa da wa'adin kwana kaɗan, babban abu ne. Haƙƙinsa ne a sanar da shi tun da wuri, a ba shi sabar gwaji ya taɓa da hannunsa, a saurari abin da zai ce kafin ranar ƙaura. Horon kuma kada ya tsaya a otal-otal na cikin birni inda mutum ɗaya zai wakilci ƙaramar hukuma guda. A zo Abaji a yi shi, da irin kwamfutar da suke aiki da ita, a kan irin layin intanet da suke fama da shi, domin manhajar da ta yi gudu a unguwar Maitama ta cikin birnin Abuja ba lalle ta yi gudu a Gawu ba. Akwai manhajar waya ta DHIS2 da ke karɓar alƙaluma ko babu layi, ta aika in ya dawo. Inda aka raba wa asibitoci waya ko allon hannu domin wannan, a tuna cewa ita ma tana da zubinta da dole ya dace da na saba.

Kuma lokaci ya yi da za mu daina zama masu karɓa kawai. Rubutun DHIS2 yana nan a buɗe a shafin intanet na GitHub, da jerin matsalolin da ke jiran mai gyara. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta a jami'ar tarayya da ke Gwagwalada, maƙwabciyar Abaji, zai iya sauke shi yau ya ga yadda ake ƙaurar da babbar manhaja daga javax zuwa jakarta, darasin da ba kowane littafi ke koyarwa ba. Ƙungiyar HISP ta nan gida, HISP Nigeria, ta daɗe tana wannan fage, kuma ta cancanci yabo a kan mutanen da ta horar. Shirin 3MTT da ma'aikatar sadarwa ta ƙaddamar a 2023 domin horar da matasa miliyan 3 zai ƙara daraja in ya ware wasu ya koya musu kula da tsohuwar manhaja. Kowa yana son ya ƙirƙiri sabuwa, amma ƙasa tana tafiya ne a kan waɗanda aka riga aka gina, kuma wanda ya iya karanta rubutun wani, ya gane shi, ya sabunta shi ba tare da ya fasa ba, shi ne ba a samu da sauƙi. Jami'ar kimiyya da fasaha da hukumar birnin tarayya ta daɗe tana shirin kafawa a Abaji, wannan fage ne da ya dace da ita tun daga ranar farko. Manhajar tana kuma karɓar fassara daga masu sa kai. Matasanmu da suka iya Hausa da kwamfuta suna da aikin yi a nan.

Su ma mutanen Oslo ba su sauke kaya ba tukuna. Java 21 ta fito a 2023, ta 25 ta biyo a 2025, Spring na 7 kuma ya fito a watan Nuwamban 2025. Wata ƙaurar tana tafe. Roƙona gare su shi ne su riƙe wannan ɗabi'a ta sanarwa da wuri da tafiya mataki-mataki, su kuma riƙa auna nauyin kowane sabon shafi da layin intanet na ƙauye, domin yawancin masu amfani da aikinsu a irin wannan layi suke.

Akwai kuma bashin da ake bin mu duka game da alƙaluman kansu. Hanyarsu ta fi yawa daga ƙasa zuwa sama. Ma'aikaciyar da ta ƙirga yaran mazaɓar Rimba Ebagi ta cancanci ta ga jadawalin mazaɓarta ya dawo mata, ta ga inda ta ci gaba da inda yara ke zillewa tsakanin allurar farko da ta uku, ta kai maganar gaban kwamitin ci gaban mazaɓa da masu unguwanni da limamai. Mai Martaba Ona na Abaji, Alhaji Adamu Baba Yunusa, shugaban majalisar sarakunan birnin tarayya, Allah ya ja zamaninsa, in irin wannan jadawali yana isa fadarsa duk bayan wata uku, kalma ɗaya daga bakinsa za ta fito da yaran da neman wata guda bai fito da su ba. Wanda ya ga amfanin abin da ya ƙirga, gobe zai ƙara kula da ƙirgen.

Ina roƙon shugaban ƙaramar hukumar Abaji da hukumar lafiya matakin farko ta birnin tarayya: kafin sabuntawa ta gaba, a tara jami'an alƙaluma da shugabannin asibitocin mazaɓu 10 a nan Abaji, a gode musu a bainar jama'a da sunayensu, a nuna musu sabon shafin su gwada, sannan a tabbatar kowannensu ya koma bakin aiki da wutar da zai kunna kwamfuta da layin da zai aika rahoto.